Riƙe Min Ita In Sayo Ruwa

Shafi na 17

Da sunan Allah muke buɗe shafin yau. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun da sanyin safiya, duk na gan ku, har da wadda ta ce ta yi fushi da ni fushi na har abada. Baiwar Allah ki sassauta, ni ma fa ina da tukunya a kan wuta. Ku gyara zama, don ni da na rubuta shi ma sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Mun bar Auta a shagon kitson Innarta, an ba ta zuwa magariba. Ko dai ta goge labarin da take sakin shafukansa a waya, ta fito ta ce ta yi sata, ko a kore ta daga zauren marubuta na yanar gizo a watsa sunanta ko'ina.

*

Auta ta sake danna saƙon muryar Shugabar zaure, ta manna wayar a kunne don kada Inna ta ji.

"Auta, ni ban so abin ya kai haka ba. Amma kowa ya gani da idonsa. Littafin Anti Babba ya fito tun kina rarrafe. Tashar mota iri ɗaya, jaririya a naɗe cikin rigar namiji iri ɗaya, har maganar da uwar ta faɗa ba ki canza ko harafi ba. Ki rufa wa kanki asiri ki ba da haƙuri."

Ta sauke wayar.

Ta riga ta rubuta ban haƙurin. Yana nan a ƙasan allon, saura ta danna kawai.

"Na yarda labarin nan ba nawa ba ne. Ina neman afuwa. Na daina rubutu."

Abin da ya fi cin ranta shi ne ta fara yarda da su. Jiya da ta ce musu a bakin mahaifiyarta ta ji labarin, wata ta ce ai an taɓa karanta littafin a rediyo, can tsohuwar ta tsinta. Wata kuma ta ce, "Ashe satar ta gado ce." Aka yi ta dariya. Auta ta kwana tana juyi tana cewa wataƙila gaskiyarsu ne, wataƙila babu komai a kanta sai ragowar abin da wasu suka riga suka rubuta.

Ita kuwa Inna ba ta san wainar da ake toyawa ba. A wajenta Auta danne-dannen waya kawai take yi.

"Ke Auta, miƙo min man nan. Kin wani zauna kamar an aiko miki da saƙon mutuwa."

Ta miƙa mata ba ta ɗago ba.

A gaban Inna wata nas ce zaune kan tabarma, ta jingina da gwiwoyinta, fararen takalman aikinta a gefe.

"Inna, yau ƙanana nake so," in ji Nas. "Rannan na yi manya kika yanke min labari a tsakiyar titi."

"Ke kika yanke wa kanki," Inna ta ce tana dariya.

Duk wadda ta san Inna ta san wannan. Ba ta kitso shiru. Da ta ja tsagar farko da kibiya take kama labari, kuma inda kitso ya ƙare nan labari ke ƙarewa, ko da a tsakiyar magana ne. Mai manyan kitso ta tashi da guntu, mai ƙanana ta sha labari har ƙeyarta ta yi tsami. Ko kuka za ki yi ba za ta ƙara miki kalma ɗaya ba, sai dai ki dawo ranar tsifa.

"Wanne kike so?"

"Na jaririyar tasha."

Auta ta ɗago kai. Duk labaran duniya, yau sai wannan?

Inna ta gyara zama, ta ja tsaga.

"Wata mata ce ta shiga motar tafiya mai nisa, ta zauna bakin taga. Mota ta kusa cika, sai ga wata yarinyar mace da jaririya a hannu, ta naɗe ta cikin rigar namiji mai dogon hannu. Ta zauna kusa da ita tana haki. Can sai ta dube ta ta ce, baiwar Allah, riƙe min ita in sayo ruwa."

"Madalla!"

Duk suka juya.

Wata mata ce tsaye a bakin ƙofa ta ɗage labule, da tabarau da ƙatuwar jaka, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Auta ta miƙe zumbur. Fuskar nan ta sha ganinta a bayan littattafai. Anti Babba ce da kanta, marubuciyar da kowa a zaure ke rawar jiki in ta yi magana.

"Madalla," ta sake cewa. "Ashe gida guda ake ci da littafina. 'Ya tana rubutawa, uwa tana sayarwa da baki."

"Anti, don Allah ki shigo mu yi magana a..."

"Ba na zama. Ke ce Auta?"

"Ni ce."

"Shugaba ce ta ba ni kwatancen nan. Na ce sai na ga idon yarinyar da ta ɗauki gumina ta manna sunanta. Kin goge?"

"Yanzu zan goge, Anti."

Inna ta dubi baƙuwar, ta dubi 'yarta, hannunta bai bar kan Nas ba.

"Hajiya, ko sallama babu? Me yarinyar ta ɗaukar miki?"

"Labari, Mama. Wannan da kike bayarwa yanzu. Nawa ne, ni na rubuta shi, kuma da shi aka san ni."

"Rubuta shi kika yi?"

"Littafi guda."

Inna ta bi ta da kallo, irin kallon da take yi wa gashi kafin ta san ta inda za ta kama.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sai ta koma kan aikinta, ta ɗan ƙwanƙwasa kan Nas da gindin kibiya. "Juyo min ƙeyar nan, 'yar boko, ba allo nake karantawa ba."

Anti Babba ta juyo da sauri.

Ta cire tabarau.

"Me kika ce?"

"Da ita nake, Hajiya."

"A'a, sake faɗa."

Nas ta ce, "Haka take ce wa kowa. Ni ma da farko na ji haushi."

Anti Babba ta tako ciki a hankali, ta manta ma da takalmi a ƙafarta. Ta ƙura wa Inna ido.

"Mama, kin taɓa yin kitso a bakin ɗakunan kwanan ɗalibai mata? Ƙarƙashin wata bishiya, kusa da famfo?"

"Can na fara sana'ar. Tun kafin in haifi yayyen wannan."

"Kina da wata kujera 'yar tsugunne mai ƙafa ɗaya gajera, kina tokare ta da dutse?"

Inna ta yi dariya ta nuna lungu da haɓa. "Ga ta can, ta ƙi mutuwa."

Jama'a, ku zo ku ga Anti Babba. Matar da ta ce ba ta zama, sai ga ta ta sulale kan bencin masu jiran layi, jakarta ta zame ƙasa.

"Innalillahi," ta ce. "Wallahi na ɗauka mafarkinsa na yi. Na rantse da Allah, duk shekarun nan na ɗauka daga kaina ya fito. Ko an tambaye ni a taro haka nake cewa."

"Manya kika yi ko ƙanana?" Inna ta tambaya.

"Manya. Ina da jarrabawa ranar."

"To ai kin ji. Iyakacinki tashin mota."

Haka ne kuwa. Anti Babba ta rufe fuska da tafin hannu, don daga tashin motar duk sauran littafin ita ta ƙirƙira.

Auta na tsaye tana kallonsu. Ashe ba a rediyo Inna ta ji ba. Ashe littafin ne ya fito daga bakin Inna. Wani sanyi ya fara ratsa ƙirjinta, amma bai kai ko'ina ba Anti Babba ta ɗago, fuskarta ta sake ɗaurewa.

"To, na ji. Amma wannan bai canza komai ba."

"Kamar yaya?" in ji Nas.

"Ke ba da ke nake ba. Auta, saurare ni. Ko wa ya faɗa da baki, ni na fara sa shi a takarda. In maganar nan ta fita, cewa za a yi ni ma tsinta na yi, sunan da na yi shekaru ina ginawa ya zube. Ki goge naki. Ba sai kin ce kin yi sata ba, ni zan gaya wa Shugaba kuskure ne na yarinta, a bar ki a zaure. Har in ɗauke ki in koya miki aikin."

"Anti..."

"Ina miki gata ne fa. Tsakani da Allah, me kike da shi wanda babu a nawa? Ni daga bakinta na ji, ke ma daga bakinta kika ji. Me kika ƙara? Wa zai karanta abu ɗaya sau biyu?"

Maganar ta sami Auta daidai inda yake mata ciwo. Wannan tambayar ce ta hana ta barci. Ta dubi wayarta, babban yatsanta ya koma kan wurin gogewa.

Ni kam a nan na ji kamar in shiga cikin labarin in fizge wayar nan. Haba Auta!

"Dakata," in ji Inna.

Ta ɗaure bakin kitson da ke hannunta, ta juyo gaba ɗaya.

"Hajiya, a cikin littafin naki, ita uwar jaririyar, me ya same ta?"

"Ai guduwa ta yi. Da gangan ta yar da 'yar, ta bi wani namiji. Daga baya mota ta kaɗe ta ta mutu a wulaƙance. Mutane sun ji daɗin wurin ƙwarai, sun ce ta ga sakayya."

Auta ta ga yadda leɓen Inna ya motsa.

"Kin kashe ta ke nan," in ji Inna.

"Labari ne ai, Mama."

"Haka ne, labari ne." Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma fa? Ashe abin da kike dannawa ke nan dare da rana. Ke me kika yi da ita?"

"Inna, ban saki wannan shafin ba. Ranar da zan sake shi aka fara zagina."

"Yana nan?"

"Yana nan."

"Karanta min."

"Inna, ba shi da daɗi, shirme ne kawai na..."

"Na ce ki karanta min."

Auta ta dubi baƙuwar. A gaban Anti Babba? Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta lalubo shafin ta fara.

"Mai ruwan ba shi da canji, sai da ya tsallaka wajen mai shayi. Uwar na tsaye tana leƙen motar, tana ganin bayanta. Wata babbar mota ta gitta tsakaninsu. Da ta wuce, babu komai a wurin sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

"Ta bi titi da gudu, ruwan na zuba a hannunta, ba ta ma san ba ta yar da shi ba. Ta tambayi masu lodi, suka ce motoci da yawa sun tashi, wacce a ciki? Ba ta san lamba ba, ba ta san sunan matar ba, ko launin mayafinta ta kasa tunawa, don ita fuskar 'yarta take kallo lokacin da ta miƙa ta.

"Ta zauna a kan bencin tashar har aka share wurin. Nono ya cika mata riga. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan kunne guda ɗaya. Da safen nan aka huda wa jaririyar kunne ɗaya, ta yi ta tsala kuka har uwar ta ce a bar ɗayan sai sun isa. Ta riƙe shi a tafin hannu tana cewa, ban gama miki ba, ban gama miki ba."

Auta ta tsaya a nan.

Fankar sama kaɗai ke ƙara. Nas ta ja bakin mayafi tana goge ido, rabin kanta a kitse rabi a tsefe.

Sai ƙarar faɗuwar kibiya a siminti.

Tunda Auta ta yi wayo ba ta taɓa ganin kibiya ta kuɓuce daga hannun Inna ba.

"Wa ya gaya miki maganar kunne?" Inna ta tambaya.

"Ke ce, Inna. Sau ɗaya, ina ƙarama, ina zazzaɓi kina min kitso don in yi shiru. Kika ce jaririyar huji ɗaya gare ta. Ban sake jin kin faɗa wa kowa ba."

"Sauran fa? Mai ruwa da canji, da gudun, da bencin?"

"Ni na zauna na yi ta tunani. Kullum in kina bayarwa, mota take tashi da mu. Ni kuma tun ina yarinya hankalina na wajen wadda aka bari. Na ce bari in sauka in tsaya da ita."

Inna ta dafe ƙirji.

"Na ba da labarin nan a kan kawunan da ban san iyakarsu ba," ta ce. "Na yi masa ƙarshe iri-iri. A wani jaririyar ta yi arziki, a wani ta sha wuya. Amma ko sau ɗaya ban taɓa sauka daga motar nan ba. Ban iya ba. Tsoro nake in sauka in tarar ba ta dawo ba."

"Inna, tsoron me? Ai labari ne."

Inna ta kai hannu ta ture ɗankwalinta baya, wanda kullum take ja har ya rufe kunnuwa. Ta juyo kunnen dama.

"Duba."

Sumul, babu ko alama.

Ta juyo na hagu. Ga shi nan, ɗan ƙaramin huji, kamar an ɗiga da bakin allura.

"Inna!"

"Kin sha tambayata me ya sa ba na sa ɗan kunne, ina ce miki ƙaiƙayi yake min."

"Inna, ke ce?"

"Ni ce. Kakarki da kika sani, Allah ya ji ƙanta, ita ce matar bakin taga. Ta yi ihu a tsaya, direba ya ce in ya tsaya wa kowa ba zai isa ba, uwar ta biyo wata motar. Ta jira a inda suka sauka, ta koma tashar ta yi cigiya har ta gaji. Daga ƙarshe ta riƙe ni, kamar yadda aka ce ta riƙe. Sai da za ta aurar da ni ta gaya min."

Ta jawo gwangwanin da take zuba allurai da zare, ta tona ƙasansa, ta fito da wani ƙullin tsumma. A ciki ɗan kunne ne guda ɗaya, na jarirai, da ɗan jan dutse a tsakiya.

Auta ta durƙushe a gabanta tana kuka.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

"In ce muku me? Uwarku ba ta san ko yar da ita aka yi ba? Na dai ce bari in riƙa bayarwa. Mata na zuwa daga ko'ina. Na ce wataƙila wata rana ina cikin ja wa wata tsaga ta juyo ta ce, Inna, ai na san matar nan." Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ba wadda ta taɓa juyowa."

Sai ta dubi Anti Babba.

"Littafin naki mutane da yawa sun karanta?"

"Da yawa, Mama."

"Ba wanda ya zo ya ce ya san ta?"

Anti Babba ta sunkuyar da kai. "Babu."

"Ai ba za su zo ba," in ji Nas tana jan hanci. "Wa zai zo ya ce uwarsa ce wadda ta bi namiji mota ta kaɗe?"

Wayar Auta ta yi ƙara, Shugaba ce ta turo: "Rana ta kusa faɗuwa. Muna jiranki."

Anti Babba ta matso, muryarta ta sauko ƙasa sosai.

"Auta, na roƙe ki. Ki ba ni lokaci in san yadda zan fito da maganar. Kada ki saki komai yau."

Auta ta share hawaye da bayan hannu. Ta dubi ban haƙurin da ta rubuta. Ɗazun nan ta ga kamar shi ne gaskiya, yanzu kuwa ko karanta shi ta kasa yi don kunya.

"Anti, kin tambaye ni me na ƙara."

"Na ji abin da kika ƙara. Wallahi na ji." Ta yi ajiyar zuciya. "Da ni na rubuta shafin nan da na yi alfahari."

"To ki yi haƙuri. Ban ce kin yi sata ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba. Ke kin bi mota, ni na tsaya a tasha. Amma ni ma ban yi sata ba, kuma ba zan ce na yi ba."

"Za su kore ki."

"Su kore ni."

Ta juya ga mahaifiyarta. "Inna, labarinki ne. In kin ce in bari, na bari."

Inna ta ɗauki kibiyarta daga ƙasa ta goge da bakin zani.

"Nawa ya tsaya a bakin taga. Wannan naki ne. Sake shi."

Auta ta dafe ban haƙurin ta goge shi tas. Ta ɗauko shafin ta tura a zauren marubuta, ta tura wa masu bin labarinta, ta tura duk inda ta saba turawa, da lambar wayarta a ƙasa kamar kullum.

Ba a jima ba saƙo ya fito: an cire ki daga wannan zaure.

Ta kalle shi, ta ji zafin har cikin ranta, don a zauren nan ta fara koyon rubutu. Amma ta kife wayar a cinya ta ce, "Inna, ƙarasa wa Nas kanta, za ta makara aiki."

"Aikin banza," in ji Nas. "Ko korata za a yi ba na tashi."

Inna ta koma kan kitso, amma yau babu labari, shiru take ja. Anti Babba ma ba ta tafi ba, tana zaune ta zuba tagumi. Wayar Auta kuwa sai ƙara take, saƙo kan saƙo. Wasu na zagi, wai ɓarauniya mai taurin kai. Wasu na cewa sun yi kuka har sun gode Allah. Wata ta ce ta karanta littafin Anti Babba tun tana makaranta, amma ba ta taɓa tunanin matar ta dawo ba sai yau.

Ana fara kiran sallar magariba kira ya shigo, baƙuwar lamba.

"Kada ki ɗauka, masu zagi ne," in ji Anti Babba.

Ya katse. Ya sake shigowa. Ya katse, ya kuma shigowa.

"Ɗauka ki sa mu ji," in ji Inna. "In zagi ne mu raba."

Auta ta ɗauka ta buɗe murya.

"Salamu alaikum. Don Allah ke ce mai labarin jaririyar tasha?" Muryar budurwa ce, tana haki.

"Ni ce."

"Don girman Allah kada ki kashe. Ni ba zagi na kira ba. Kakata ce, idonta ya mutu, ni nake karanta mata labarai a waya. Tun shafin farko na naki ta hana ni tsallake ko layi ɗaya, kullum sai ta ce an saki sabo? An taɓa karanta mata wani mai kama da shi ta ce a rufe, ƙarya ne. Yau ina karanta mata na yau, ina zuwa wurin mai ruwa ta fara rawar jiki. Yanzu haka ta ƙi cin abinci, ta ce sai na kira ki."

Auta ta dubi Inna. Hannun Inna ya tsaya cak a kan Nas.

"Me take so?" Auta ta tambaya da ƙyar.

"Ta ce kin yi kuskure wuri ɗaya. Wai ba canji mai ruwan ya rasa ba, layi ne ya yi tsawo. Kuma ta ce ba ki faɗi wane kunne ba ne, ba ki faɗi kamar ɗan kunnen ba."

"Ban faɗa ba."

"To ga ta, ta ce ita za ta faɗa miki da bakinta."

Aka ji motsi, aka ji numfashi mai nauyi. Sai wata tsohuwar murya, siririya, tana karkarwa.

"'Yar nan, na hagu ne. Mai ɗan jan dutse. Ɗan'uwansa yana hannuna yanzu haka."

Ƙullin tsumman ya zame daga cinyar Inna.

"Ki gaya min gaskiya don Allah," in ji tsohuwar. "Wadda na ce a riƙe min, tana raye?"

Auta ta miƙa wa Inna wayar.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta kai bakinta. Matar da ta yi rayuwarta tana ba da labari ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Kin samo ruwan?" ta ce.